Faci Ta Imel: Darasin Da Magudanan Ruwan Kura Da Bunkure Ke Ba Matasanmu Masu Kwamfuta

Mafi yawan wayoyin da ke aljihun manoman Kura da Bunkure, waɗanda da su ake jin farashin buhun shinkafa, da su ake kiran direban da zai kwashi tumatir zuwa Kwanar Gafan, suna aiki ne da manhajar Android. A can ƙarƙashin Android kuwa akwai wata manhaja mai suna Linux, ita ce ke haɗa gilashin waya da batirinta da na'urar da ke kama sabis, ta sa su yi aiki tare. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu da suka karanta ilimin kwamfuta a jami'a, shi ne har yau da wasiƙa ake gyara wannan manhaja. Duk wanda ya ga kuskure a cikinta, ko a Tokyo yake ko a Kadawa, yana da damar ya rubuta gyaran, ya sa a imel, ya aika wa mai kula da sashen. Ba a tambayarsa takardar shaidar karatu, ba ya biyan kuɗin rajista, kuma ba ya neman wanda zai tsaya masa.

Na taso cikin manoman rani na wannan yanki, kuma da aikin kwamfuta nake cin abinci. Abin da nake son in gabatar wa mai karatu shi ne: wannan ƙofa ta aika gyara ta imel ta dace da halin da matasanmu ke ciki fiye da yadda suke zato, kuma ladabin da ake bukata kafin a shige ta, sun riga sun gan shi a bakin kanal tun suna yara.

Bari mu fara da ruwan. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa, ba inji ba famfo, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar kanal, ya rabu zuwa reshen gabas da reshen yamma, sannan ya watsu cikin ƙananan magudanai har ya isa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hekta 22,000 aka tsara wa kashin farko na aikin, ko da yake ba duka aka kai ga gyarawa ba, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. Da wannan ruwa ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara, da shi injinan casar shinkafa na Kura ke samun abin casa.

Duk wanda ya yi noma a nan ya san ruwan na kowa ne, kuma ya san abin da ke faruwa idan kowa ya tsaya a kan ɗiba kawai. Laka ta taru, kacalla ta cinye magudana, bango ya tsage, na kusa da bakin ruwa ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya zuba wa shukarsa ido tana yaushi. Shekaru aka yi a haka, har sai da Gwamnatin Tarayya ta karɓo rancen kusan dala miliyan 500 daga Bankin Duniya a 2014 don shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyara wannan aiki na Kogin Kano da wasu irinsa a Arewa. Babban darasin da shirin ya nanata shi ne a ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su riƙa tara kuɗin kula da ƙananan magudanai, su riƙa fitowa yashe. Wato gayyar da kakanninmu suka sani ce aka dawo mana da ita cikin sabuwar riga.

To, haka buɗaɗɗiyar manhaja take. Kowace manhaja rubutu ce, jerin umarni ne da ɗan Adam ke rubuta wa kwamfuta. Wasu kamfanoni suna ɓoye nasu rubutun, su sayar maka da abin da ya fito daga cikinsa. Wasu mutane kuma suna baje nasu a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba. Linux na cikin kashi na biyu. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana da shekara 21. Yau ita ke ɗauke da mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ke tafiya a kansu, kuma tun daga ƙarshen 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Bayan kowane mako tara ko goma ana fitar da sabon zubi, wanda ke ɗauke da gyare-gyare sama da 10,000 daga hannun mutane kimanin 2,000.

Abin sha'awa, masu wannan aiki daga kogi suka aro kalmominsu. Asalin manhajar suna kiransa da kalmar da ke nufin sama, inda ruwa ke fitowa, masu ɗauka su yi amfani da ita kuma su ne na ƙasa. Idan na ƙasa ya ga matsala ya gyara a kwamfutarsa kaɗai, ya yi shiru, to bayan mako goma sabon zubi zai zo da matsalar yadda take, sai ya sake gyarawa, haka zai yi ta yi har ya gaji. Idan kuwa ya aika gyaran sama aka karɓa, ya huta, kuma duk wanda ke ƙasa ya huta tare da shi. Manomin da ke toshe ɓarakar da ke daidai gonarsa da buhun ƙasa kowace shekara, alhali tsagar tana can sama, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Yadda ake yin facin

Gyaran da ake aikawa sunansa faci, kalmar nan dai da muka sani a wurin mai gyaran taya. Ba a aika manhajar gaba ɗaya. Ana aika bambancin da ke tsakanin tsohon rubutu da sabo ne kawai: layin da aka cire da alamar ɗebewa a gabansa, layin da aka ƙara da alamar tarawa, sai 'yan layuka na sama da na ƙasa don a gane wurin. Dabarar ta girmi Linux, domin tun 1985 Larry Wall ya fitar da manhajar da ke ɗaukar irin wannan bambanci ta liƙa shi a inda ya dace. A 2005 Torvalds ya rubuta Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane gyara, kuma a cikinta akwai umarnin da ke mayar da gyara ya zama wasiƙa, da wanda ke aika ta. Ita kanta Git, wadda Junio Hamano ke kula da ita tun wannan shekara, ta imel ake gyara ta.

Ƙa'idojin kaɗan ne, amma ba a sassauta su. Na farko, faci ɗaya matsala ɗaya. Idan ka gyara abu uku, wasiƙa uku za ka rubuta, ka jera su da lamba, domin in ɗaya ta zo da illa a iya zare ta ba tare da an taɓa sauran ba. Na biyu, kan wasiƙar ya faɗi sashen da ka taɓa da abin da ka yi, cikin haruffan da ba su wuce 75 ba. Na uku, jikin wasiƙar ya bayyana dalili: mene ne ya lalace, wa abin ke cutarwa, ta yaya gyaranka ya magance shi. Abin da ka canza kowa zai gani a facin, dalilinka kuwa kai kaɗai ka san shi sai ka rubuta. Wannan bayani zai zauna cikin tarihin manhajar, wanda zai zo bayan shekara ashirin ya karanta.

Na huɗu, sa hannu. A ƙarshen bayanin za ka rubuta layi guda da sunan da aka san ka da shi da adireshin imel ɗinka, kana shaida cewa aikin naka ne, ko kana da haƙƙin bayar da shi. An shigo da wannan ƙa'ida a 2004, bayan kamfanin SCO ya tayar da shari'a yana da'awar an saka kayansa cikin Linux. Mai kula da sashen da ya karɓi facin shi ma zai sa nasa hannun a ƙarƙashin naka, wanda ya duba ya sa, wanda ya gwada ya sa. Kamar takardar cinikin gona ce: ga mai sayarwa, ga shaidu, ga mai unguwa, ga dagaci, ranar da rigima ta taso an san wanda za a tambaya.

Na biyar, wasiƙar ta zama rubutu zalla, ba launi, ba ado, ba maƙala fayil. Yawancin manhajojin imel na waya suna karya dogon layi ko su canza tazarar da ke farkon layi, kuma canjin tazara ɗaya ya isa ya hana faci mannewa. Shi ya sa ake aikawa ta cikin Git kai tsaye, kuma mai hankali yakan fara aika wa kansa ya gwada. Cikin Linux akwai ƙaramar manhaja da ke duba tsarin facinka kafin ka aika, akwai wata kuma da ke gaya maka sunayen waɗanda ke kula da fayil ɗin da ka taɓa.

Bayan haka sai haƙuri. Masu kula da sassa suna samun wasiƙu ɗaruruwa, kuma ƙa'ida ita ce a jira aƙalla mako guda kafin a tuna musu. Da wuya a karɓi facin farko yadda ya zo. Za a dawo maka da shi, an rubuta gyara a ƙarƙashin kowane layi da ke da matsala. Kai ma a ƙarƙashin kowace magana za ka ba da amsa, sannan ka aika zubi na biyu, ka faɗi abin da ya canza.

Me ya sa hanyar ta dace da mu

Dalili na farko shi ne sauƙin nauyi. Ƙaramin faci 'yan kilobayit ne, hoto guda da ake turawa a WhatsApp ya ninka shi sau da yawa. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, don haka duk ɗalibin da ke sayen data da kuɗin abincinsa ya san darajar wannan. Gaskiya ne sauke rubutun Linux a karon farko yana cin gigabayit, amma sau ɗaya ake yi. Mutum ɗaya zai iya saukewa a Kano, ya zuba a filas, mutum goma su kwafa a Bunkure.

Na biyu, aikin ba ya bukatar sabis kullum. Git na ajiye tarihin gaba ɗaya a cikin kwamfutarka. Za ka iya karatu, ka gyara, ka gwada, ka shirya wasiƙarka da dare a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, da safe ka fito titin Zariya ka aika cikin daƙiƙa kaɗan. Amsoshin ma sauke su za ka yi ka karanta a natse.

Na uku, imel ba mallakar kamfani ɗaya ba ce. Yawancin buɗaɗɗun manhajoji yau suna zaune ne a GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5. A 2019 GitHub ya taƙaita wa mutanen Iran da Siriya da Kirimiya amfani da shi saboda takunkumin Amurka. Ba na cewa imel ta kuɓuta daga siyasar duniya, domin a Oktoban 2024 an cire wasu 'yan Rasha daga jerin masu kula da sassan Linux bisa irin wannan dalili. Amma wanda aikinsa ke cikin kwamfutarsa da akwatin wasiƙarsa ya fi wanda komai nasa ke gidan wani kwanciyar hankali.

Sai dai kada in yi wa mai karatu romon baka. Hanyar tana da ƙaya. Saita Git ta yi magana da akwatin imel yana ba sabon shiga wahala, kuma a nan da yawa ke komawa. Ana bukatar kwamfuta ta gaske da wutar da za ta caja ta, waya ba za ta yi ba. Ana bukatar Turanci mai sauƙi amma tsabtatacce. Ayyuka da dama, har da manhajojin taswira da na tattara bayanan gona da ma'aikatan noma ke amfani da su, ba ta imel suke karɓar gyara ba, kowanne da tsarinsa. Sai dai ladabin ɗaya ne: ƙaramin gyara, bayyanannen dalili, karɓar gyara daga na gaba. Wanda ya goge a makarantar imel, sauran hanyoyin ba sa ba shi wuya.

Ƙayar da ta fi tsini a wurinmu ta al'ada ce. Mu mutane ne masu kara. Wasiƙarmu da gaisuwa take farawa, a tambayi iyali da gajiya, a yi fatan alheri, sannan a zo ga magana. A can kuwa layin farko shi ne matsalar. Wani ɗalibi da nake koya wa wannan aiki ya taɓa zuwa wurina ransa a ɓace, domin amsar da ya samu layi biyu ce: ka haɗa abu biyu a faci ɗaya, raba su ka sake aikowa. Ya ɗauka wulaƙanci ne. Na ce masa mutumin da ke da wasiƙa ɗari a gabansa ya tsaya ya karanta taka, ya gaya maka abin da ya rage, wannan ai karramawa ce. Ya raba, ya sake aikawa. Ba musu, akwai masu zafin baki a cikinsu. Shi kansa Torvalds a 2018 ya nemi afuwa a bainar jama'a kan kaushin harshensa, aka kuma kafa ƙa'idar ladabi ga masu aikin. Amma gajeriyar amsa daban, zagi daban, kuma wajibi ne matasanmu su iya rarrabewa.

Jarin da ake juyawa a wannan kasuwa amana ce. A Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da Linux, ya dakatar da karɓar faci daga Jami'ar Minnesota ta Amurka baki ɗaya, bayan ya bayyana cewa wasu masu bincike a can sun aika gyare-gyare masu ɓoyayyar illa da gangan don su gwada ko za a gane. Aka koma ana bin tsofaffin facin jami'ar ɗaya bayan ɗaya. A Maris na 2024 kuma wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura kwamfutarsa na jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya gano ƙofar sata da aka dasa a wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana aika gyare-gyare na kirki har aka yarda da shi. Darasin gare mu a fili yake. Wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda ya aika abin da bai gwada ba, ko abin da ya kwafo bai fahimta ba, don kawai a ga sunansa, yana ɓata wa duk wanda zai aiko daga ƙasarsa ko makarantarsa bayansa.

Me za mu aika?

Tambayar da ɗalibai suka fi yi mini ke nan. A Linux akwai sashe na musamman da ake ajiye rubutun da bai gama tsabtata ba, a nan sababbin shiga da yawa ke fara koyon hanya da ƙananan gyare-gyare. Akwai littattafan bayani da ke bukatar gyara. Akwai gwaji: wanda ya gwada facin wani a kan tsohuwar kwamfutar da ake samu a kasuwanninmu, ya rubuta abin da ya gani, ya yi aikin da injiniyan da ke Jamus ba zai iya ba, domin ba shi da irin na'urar, ba shi da irin zafinmu da ƙurarmu da wutarmu mai zuwa tana tafiya.

Akwai kuma inda Bahaushe ne gwani. Manhajar glibc, wadda yawancin kwamfutocin Linux ke dogara da ita, ta imel take karɓar faci, kuma a cikinta akwai fayil mai suna ha_NG da ke ɗauke da sunayen ranaku da watanni da Hausa da yadda ake rubuta kwanan wata da kuɗi a Nijeriya. Ɗalibai nawa ne a Jami'ar Bayero suka taɓa buɗe shi su duba ko ya dace da ƙa'idar rubutunmu? An fassara littattafan bayanin Linux zuwa Sinanci da Japananci da Koriyanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Masu waɗannan harsuna ne suka zauna suka yi, suka aika ta imel, ba wanda ya yi musu. Idan muna son ƙ da ɗ da ɓ su zauna daidai a kowace na'ura, mu ne za mu duba.

Ga matashin da ke neman abin yi, ribar ba ta tsaya a lada ba. Faci da aka karɓa yana zama cikin tarihin manhajar da sunanka, kowa a duniya zai iya dubawa, ba mai iya ƙirƙirar na bogi. Mafi yawan masu gyara Linux yau kamfanoni ne ke biyan su albashi, kuma da yawa da aikin sa kai suka fara har aka gan su. Akwai shirye-shirye irin su Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, da Outreachy, waɗanda ke biyan sababbin shiga kuɗi na 'yan watanni suna aiki daga gida. A ƙasar da takardar digiri ta yi yawa aiki ya yi kaɗan, shaidar aiki da ba ta bukatar sanayya ba abin rainawa ba ce.

Saboda haka ina kira ga sassan kwamfuta na Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, su karɓi faci guda da aka amince da shi a wata sananniyar manhaja a matsayin wani ɓangare na aikin kammala karatu. Ya fi kundin da za a ɗaure a jefa a kabad ƙura ta rufe. Hukumar NITDA da masu gudanar da shirin 3MTT su sa wannan hanya cikin abin da suke koyarwa, domin ba ta cin data, kuma ta dace da wanda ke nesa da birni. Hukumar Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa kuma, duk ranar da za su sa a rubuta musu manhajar rajistar gonaki ko ta karɓar kuɗin ruwa, su sanya sharaɗin a bar rubutun a buɗe. In ba haka ba, ranar da ɗan kwangila ya tafi, manhajar za ta bi sahun injinan da muka sha gani a yashe saboda an rasa mai gyara. Shugabannin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam ba za su gaza samar da ɗaki guda mai sola da kwamfutoci goma ba.

Ku kuma matasa, ku haɗu uku ko huɗu, ku sauke rubutun sau ɗaya, ku riƙa duba wa juna faci kafin ya fita. Ku fara da ƙarami, ku gwada kafin ku aika, ku karɓi gyara ba tare da fushi ba. Mun daɗe muna sha daga wannan magudana ba mu taɓa fitowa yashe ba, ga kwamfuta a hannu, ga imel kyauta. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya sa albarka a damina da rani.